Tsutsar Da Na Ɗauko Daga Lyon

Wata ƙawata ce ta jawo mini, da wani hoto mai motsi da ta turo mini a waya. Ɗan mitsitsin tsuntsu ne, bai fi babban yatsa ba, ya tsaya cak a iska gaban wani jan fure, ba reshe ba igiya. Fukafukansa ko ganinsu ba a yi don sauri, ya zura dogon bakinsa cikin furen yana sha. Kolibri, in ji Faransawa. Ina cikin metro, jirgin ƙasa na cikin gari, na kalle shi, na sake kallo, har na wuce tashar da zan sauka. Kafin in isa gida na riga na yanke shawara cewa wannan tsuntsun sai ya zo gidana.

Lokacin muna zaune a hawa na biyar a unguwar Goutte d'Or, cikin Paris, ni da maigidana, wanda nake kira Malam tun muna Damagaram. Malamin lissafi ne, yana koyarwa a wata makaranta a Stains, can bayan gari, ni kuma ina aiki a wani farmasi, wato kantin magani, kusa da kasuwar Barbès. Yara sun girma sun tafi karatu, gida ya yi shiru. Muna da baranda, in har za a kira ta baranda, don faɗinta bai wuce sallaya ɗaya ba. Abin da ke kanta a lokacin, tsintsiya ce da wani tsohon bokiti.

Na bi waya na yi ta karatu. Aka ce tsuntsun yana son fure ja mai dogon wuya. Aka ce irin waɗannan furannin, in an haɗa da lavand mai ƙamshi da wata shuka mai yaɗo da ake kira kapusin, har malam-buɗe-littafi suna jawowa. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na sayi tukwane, na sayi ƙasa buhu-buhu. Ban taɓa zaton zan sayi ƙasa da kuɗina ba, ni da na tashi inda ake share ta daga ɗaki safe da yamma. Gidanmu ba shi da na'urar hawa, don haka a kafaɗa na hau da ita, ina hutawa a kowane hawa. Na kuma yi odar wata jar kwalba mai bakuna huɗu, wadda ake zuba wa ruwan sukari a rataye. Daga Amurka aka aiko ta. Ko wannan ya isa ya sa in yi tunani, amma ban yi ba.

Malam ya tsaya bakin ƙofar baranda da kofin shayinsa yana kallona ina rataye kwalbar.

Ya ce, "Wa ake jira?"

Na ce, "Kolibri. Da malam-buɗe-littafi."

Ya ce, "Malam ɗaya bai ishe ki ba?"

Na ci gaba da rataye kwalbata.

Shuka ta yi kyau, wannan kam ba a ƙwace mini ba. Kapusin ta yaɗu ta sauko ta ƙarfen baranda, furanninta ruwan lemo. Baƙi ma sun zo. Tattabaru suka fara zuwa, ɗaya har ta kwanta cikin tukunyar lavand kamar gadon gidansu. Sai rina, suka mamaye kwalbar, har shanya sai da dabara. Sai tururuwa. Har yau ban san yadda tururuwa ta ji labarin sukari daga ƙasa ta hau bene biyar ba, ni da nake hawa da haki.

Ashe kuma kwalbar tana ɗiga. Ran wata Lahadi aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga tsohuwar da ke zaune ƙarƙashinmu, wata Bafaransa siririya mai farin gashi, wadda muke kira Madam kawai. Tana riƙe da rigar matashin kai, ta miƙo mini ta ce in taɓa. Na taɓa, yatsuna suka manne. Na ba ta haƙuri, na jawo ta ciki don ta ga dalili, ina ganin in ta ga furannin za ta huce.

Ta dubi kwalbar, ta dube ni. Ta tambaya ta mece ce, na gaya mata.

Sai ta ce cikin taushin murya, irin wadda ake gaya wa mutum rasuwa da ita, "Madam, babu kolibri a Faransa."

Na ce, "A Paris dai."

Ta ce, "A Turai duka. Mijina, kafin ya rasu, ɗan wani tsibiri ne can wajen Amurka. Can na gan su, suna shigowa har kicin. Nan sai an haye teku."

Na ce, "Ai ni ma da babu ni a Faransa."

Daga falo na ji Malam ya ƙware da shayi. Madam ta karɓi rigar matashinta ta sauka. Na sa faranti ƙarƙashin kwalbar, amma ban cire ta ba.

Aka shiga watan Yuli, ko malam-buɗe-littafi ɗaya ban gani ba. A cikin wannan hali ne na kira Kawu don gaisuwa. Ƙanin mahaifiyata ne, ya yi aikin masana'anta a Lyon shekara da shekaru har ya yi ritaya. Yana da ɗan fili a bayan gari, cikin irin lambunan da ake yanka wa mutane kashi-kashi, inda yake noman shu, wato kabeji, da yakuwa, da wata kuɓewa da ba ta taɓa wuce gwiwa ba. Bayan mun gaisa, na tambayi ciwon ƙafarsa, ya tambayi Malam da yara ɗaya bayan ɗaya, sai na ba shi labarin baranda.

Kawu ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ya ce, "Ɗiyata, abin da nake yaƙi da shi tun bazara, shi kike shimfiɗa wa tabarma? Malam-buɗe-littafin nan su ne fa suka gama mini da shu. Su zo fari fat kamar mutanen kirki, su yi ƙwai, 'ya'yansu su cinye gona. Zo ki kwashe su. Kyauta."

Na ce, "Kawu, da gaske kuke?"

Ya ce, "Har wancan tsuntsun naki akwai shi. Kullum da hantsi yana zuwa lambun maƙwabcina."

Na ce, "An ce babu shi a Faransa."

Ya ce, "Wa ya ce? Ɗan Paris? Me suka sani ban da hayaƙin mota?"

Ran Asabar da sassafe ina cikin jirgin ƙasa.

Kawu ya tarye ni da malafarsa da takalman roba, muka hau bas har bakin lambunan. Tun daga ƙofa na gan su: farare, suna ta shawagi a kan kunyoyin shu, kamar an yayyaga takarda an watsa. Ni na tsaya baki buɗe, shi kuwa ya cire malafa yana kai musu duka yana cewa, "Ɓarayi! Ga su nan, ɓarayi!" Ganyen shu duk ya zama raga.

Ya ja ni zuwa shingen maƙwabcinsa, wani dattijo ɗan Fotugal mai ƙaton gashin baki, wanda ya shuka lavand jere guda. Muka tsaya cikin rana muna jira. Can sai Kawu ya damƙe mini hannu.

Ga shi nan. Ya tsaya cak gaban fure, fukafukai na rawa har da ɗan ƙugi, ya zura dogon abu ya sha, ya zabura zuwa na gaba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na riga na fara shirya abin da zan gaya wa Madam, da irin fuskar da zan yi lokacin da nake gaya mata.

Dattijon ya leƙo ta shinge ya ce, "Kyakkyawan ƙwaro, ko?"

Kawu ya ce, "Tsuntsu."

Ya ce, "Ƙwaro. Ɗan'uwan waɗanda ke zagaya fitila ne, sai dai shi da rana yake yawo. Kowa haka yake ruɗewa."

Kawu ya juyo ya ce mini da Hausa, "Rabu da shi. Mutumin da ke shuka fure maimakon abinci."

Na ɗauki hoto, muka koma inuwa na buɗa shi da yatsu. Ba baki ba ne, wani siririn zare ne mai naɗewa. Ƙafafu ba biyu ba. A kansa kuma ga wasu abubuwa biyu tsaye.

Na ce, "Kawu, yana da ƙaho."

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "To, tsuntsu ne mai ƙaho. Ikon Allah ya fi haka."

Ban yi musu da shi ba. Na koma bakin shinge na ci gaba da kallon abin har ya gaji ya tafi. Raina ya ɗan sosu, amma ban ji an cuce ni ba. Duk abin da na gani a waya ya yi shi a gabana, sai dai shi ba shi ba ne. Daga ranar na sallama maganar kolibri.

Saura malam-buɗe-littafi. Na ce yaya za a yi in tafi da su, tunda ba a kora su kamar awaki. Kawu ya ce ai ba iyayen zan ɗauka ba, 'ya'yan. Ya ɗaga ganye guda ya nuna mini bayansa: tsutsotsi jere, kore da rawaya da ɗigon baƙi, suna ci ba ɗaga kai. Ya ce in na kai su Paris suka girma a can, ai sun zama 'yan can. Maganar ta shige ni. Muka durƙusa, ni da tsoho mai ciwon ƙafa, muna tsince su muna sakawa cikin wani farin bokitin roba da ya shimfiɗa wa ganye. Ban taɓa ganin Kawu cikin nishaɗi irin na ranar ba. Ina cewa ya isa, yana cewa, "Ƙara wannan, dubi ƙibarsa." Murfin bokitin ya ɓata, don haka na cire mayafina na rufe bakinsa, Kawu ya ɗaure da igiya. Ya haɗa mini da damin yakuwa, ya sa mini albarka.

Jirgin komawa cike yake, ga zafi. Na zauna inda kujeru ke fuskantar juna, bokiti tsakanin ƙafafuna. Gabana wani mutum ne cikin kwat, da kwamfuta a kan ɗan teburin da ke tsakaninmu. Ba mu yi nisa ba warin shu ya fara tashi, irin na wanda ya kwana a tukunya. Mutumin ya ɗaga hanci, ya dubi na kusa da shi. Na dubi taga.

Mai duba tikiti ya zo, ya duba nawa, idonsa ya sauka kan bokitin.

Ya ce, "Dabba ce, Madam? In dabba ce tana da nata tikitin."

Na dubi bokitin. In ce a'a, na yi ƙarya. In ce e, ban san ko kai-kai za a lissafa su ba.

Na ce, "Ba irin wadda kuke nufi ba."

Ya ce, "Abinci ne?"

Na ce, "Akwai abinci a ciki."

Ya sunkuya ya ɗaga gefen mayafin, ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya gyara hularsa ya ce a sauka lafiya, ya wuce. Amma bai mayar da mayafin yadda ya same shi ba, ni kuma ban lura ba.

Bayan kamar rabin awa, mai kwat ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Gafara, Madam. Wannan taki ce?"

Tsutsa ce a saman kwamfutarsa, ta ɗaga rabin jikinta tana dube-dube. Na ce tawa ce, na gode. Na ɗauke ta. Ya ce ba komai. Jim kaɗan ya ce, "Wannan ma?" Tana kan igiyar takalminsa. Wata mata daga ɗaya gefen ta miƙo mini guda a kan tikitinta. Kafin mu shiga Paris rabin taragon yana duba ƙarƙashin kujera, ana miƙo mini su hannu da hannu, kowa da ladabinsa, ba wanda ya tambaye ni dalili. Wannan rashin tambayar ya fi komai ba ni kunya. Da za mu sauka mai kwat ya kakkaɓe jakarsa sau uku, ya ce mini Allah ya ba da sa'a, ko da me nake yi.

Malam ya leƙa bokitin ya ce, "Lyon kika je, awa biyu zuwa awa biyu dawowa, kika ɗauko tsutsa."

Na ce, "Baƙi ne."

Na zuba su kan kapusin. Sun karɓe ta hannu biyu. Cikin kwana huɗu shukar da na yi wata uku ina raino ta koma tsinke. Suka cinye ganye, suka cinye fure, suka tsaya suna jiran ƙari. Dole na riƙa bi ta kasuwar Barbès, ƙarƙashin gadar metro, ina neman shu. Mai sayarwa ya zaɓo mini mai kyau, na ce a'a, wanda ƙwari suka huda nake so, don shi ne ba a fesa wa magani ba. Ya tambaya ko miya zan yi, na ce ba ni zan ci ba. Tun daga ranar in ya hango ni sai ya sunkuya ya ɗauko na ƙarƙashin tebur.

Ran nan na dawo aiki na tarar da baranda wayam. Ko tsutsa ɗaya babu. Na ɗora laifin kan tattabaru, na yi ta faɗa da su da tsintsiya. Malam ya ce in yi haƙuri, kowane mai rai mamaci ne, amma na ga yadda yake danne murmushi.

A makon ne ake sunan jikan wani amininsa a Stains. Tun ran Alhamis Malam ya fito da babbar rigarsa, farar shadda mai aiki a ƙirji, wadda ba ya sawa sai ranar da ta kai. Ya rataye ta jikin ƙofar baranda ta ciki don ta sha iska. Ran Lahadi da safe ya yi wanka, ya sa 'yar ciki da wando, ya je ɗaukar riga. Sai na ji ya kira ni da wata irin murya.

A kan aikin ƙirjin, da cikin naɗin hannun, wasu abubuwa ne manne kamar ƙwallon dabino, kore-kore da ɗigon baƙi, kowanne ya ɗaure kansa da siririn zare. Guda bakwai. Muka ɗaga kai, ga wasu a labule, ga wasu a jikin bango, ɗaya a bayan agogo. Ashe ba cinye su aka yi ba, shigowa suka yi neman wurin kwanciya.

Na ce, "Bari in ɓamɓare su."

Ya ce, "In kin ɓamɓare fa?"

Na ce, "Ina jin mutuwa za su yi."

Ya ce, "Kwana nawa suke yi a haka?"

Na duba waya na ce, "Kamar mako biyu."

Ya tsaya yana kallon rigarsa. Na shirya jin faɗa, don na san na cancanta. Sai ya ce, "Ni ban gayyace su ba. Amma sun riga sun sauka." Ya juya ya buɗe kabad ya ɗauko kwat ɗin da yake zuwa makaranta da shi.

A wurin suna duk dattawa sun sha manyan riguna, shi kaɗai kamar wanda ya zo karɓar haraji. Amininsa ya ja shi gefe ya tambaya ko lafiya, ina farar shaddar? Ina jin sa ya ce, "Akwai mutane a ciki." Bai ƙara bayani ba, aminin ma bai nema ba.

Daga ranar al'amarin ya fita hannuna. Makaranta tana hutu, Malam yana gida, sai ya zama shi ne mai gadinsu. Ya hana ni turaren wuta, wai hayaƙi zai dame su. Ya hana a buɗe ƙofar baranda da ƙarfi. Ya jawo kujerarsa gaban rigar, nan yake karatun jarida. In na dawo aiki sai ya ba ni rahoto: na hannun dama ya yi duhu, na bayan agogo ya motsa da aka taɓa bango. Na ce masa da ma haka ya kula da ni lokacin da nake da cikin fari. Ya ce ai ni ban kwanta cikin rigarsa ba.

Ina farmasi wata Talata da hantsi, layi har ƙofa, waya ta yi ƙara. Malam ne, wanda bai taɓa kira na a wurin aiki ba.

Ya ce, "An sauka."

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Na ƙirji. Biyu. Ga na uku yana fitowa. Ki zo."

Na gaya wa shugabata cewa an haihu a gidanmu. Ta rungume ni ta ce in tafi.

Na hau benen da gudu, na tarar da Madam a falonmu. Malam ne ya sauka ya kira ta, wai abin ya fi ƙarfin shaidar mutum ɗaya. Suna tsaye gaban riga kamar masu duba mara lafiya. Guda uku sun fito, suna manne da shaddar, fukafukansu a yamutse kamar tsumma, suna buɗewa a hankali. Farare ne, da baƙi a gefe. Ba wani ado gare su ba, irin dai ɓarayin Kawu ne. Amma mu uku muka tsaya fiye da awa muna kallo, Madam tana ta cewa a hankali, "Dubi, dubi."

Malam ya sauke rigar da hannu biyu, ya fita da ita baranda kamar mai ɗauke da tire. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka za su ɗan tsaya kan lavand, ko don kara, tunda ita kaɗai ta rage. Ko kallonta ba su yi ba. Suka haye rufin gidan da ke fuskantarmu, suka nufi wajen layin dogo. Sauran ma da suka fito cikin kwanakin da suka biyo haka suka yi. Malam ya kai rigarsa wanki, ni kuma na zubar da busassun tsinkayen kapusin na shuka yakuwa a tukwanen.

Bayan kamar mako uku Kawu ya kira. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun gama ba.

Ya ce, "Ɗiyata, waɗannan abubuwan da kika tafi da su, kin sake su?"

Na ce, "Sun tashi, Kawu."

Ya ce, "Ta ina suka bi?"

Na ce, "Wajen layin dogo."

Ya ce, "Na sani! Sun iso. Ga su nan a kan shu ɗina, sun fi da yawa."

Na ce anya kuwa, tsakanin Paris da Lyon ai da nisa. Ya ce shi ya san su, har akwai wani mai ƙiba da ya gane. Ya ce in na sami hutu in zo da bokiti biyu, kuma wannan karon in nemi mai murfi.